Gejin Injiniya Basiru da Lefen Ruwan Bago

A Unguwar Hajji ta Karaye babu wanda ya raɗa wa Basiru sunan Injiniya. Shi ya ba kansa, ranar da ya kwance fankar masallaci don ya ƙara mata gudu. Fankar tana nan har yau a cikin buhu a ɗakin ladan, amma sunan ya zauna daram. Dogon saurayi ne mai fara'a, ba ya zagi, ba ya rowa, in ka aike shi zai je ya dawo. Matsalarsa dai bai taɓa ganin abu yana aiki lafiya ya wuce shi ba.

Yana da tsohuwar mota mai dogon baya, yana jigilar mutane da buhunan gyaɗa tsakanin Karaye da Rogo. A cikinta ya fara ganin Sadiƙa, 'yar Malam Abdulmutalib na Ruwan Bago, wata ranar kasuwa. Tun daga tasha yake yi wa fasinjoji bayanin yadda jirgin sama ke tashi. Kowa ya yi barci, ita kaɗai ta saurara har ƙarshe, tana rufe baki da gefen mayafi. Shi ya ɗauka son ilimi ne. Bayan shekara guda aka sa rana.

Sai dai akwai Gwaggo Lauratu, yayar Malam, wadda ita ce mai karɓar lefe a gidan. Tun da ta ji labarin fankar ta ce yaron bai kwanta mata ba. Ta aiko Karaye da saƙo ƙarara: ranar Asabar a kawo lefe, kuma in aka yi abin kunya komai ƙanƙantarsa, da kanta za ta ɗora akwatunan a ka ta mayar, a fasa auren.

To, ranar Laraba motar ta fara tari. In ta zo hawa sai ta shaƙe, ta yi kamar za ta mutu. Basiru ya kai ta garejin Sulle, bakaniken da ya san cikin motar fiye da mai ita. Sulle ya ɗaga bonet, ya ɗauko wani ɗan agogo mai allura ɗaya, ya jona shi a tiyon mai, ya ce a tayar.

"Filta ce ta toshe," ya ce. "Ka ga allura? Kamata ya yi ta wuce arba'in, ga ta tana lilo a talatin."

Basiru bai ji maganar filta ba. Idonsa na kan agogon.

"Oga Sulle, wannan fa mene ne sunansa?"

"Geji. Ƙarfin da famfo ke tunkuɗo fetur zuwa inji yake nunawa."

"To me ya sa kake cirewa? Ai abu mai kyau irin wannan a jikin mota ya kamata ya zauna."

"Ana sa shi. Amma in gaban direba kake so, mai waya ake sawa. Mai tiyo irin wannan ba ya wuce ƙarƙashin bonet, don ba a shigo da fetur inda mutane ke zama. Kuma wanda lambobinsa suka tsaya a ɗari ake zaɓa."

"Ɗari?" Basiru ya ja baya kamar an zage shi. "Motar da za ta ɗauki lefen Sadiƙa za a auna da ɗari?"

Sulle ya canza filtar, motar ta tashi lafiya lau, ta daina tarin. Ya goge hannu, ya dafa kafaɗar Basiru.

"Ƙanena, motarka ta warke. Ka kai ta gida ka wanke ta. Ko madubi kada ka gyara. Ka ji ni?"

"Na ji, Oga."

Washegari da sassafe yana Rogo, a gaban Salisu ɗan gwangwan, mai sayar da tsofaffin ƙarafa. Salisu ya zazzage masa geji kala-kala a kan buhu, ƙanana kamar murfin kwalba. Basiru ya taɓe baki. Can sai ya hango wani a jingine da bango, faɗinsa ya kai murfin samira, lambobinsa sun zagaye har dubu shida.

"Wancan fa?"

"Wancan ba na mota ba ne, Injiniya. Daga injin matsar man gyaɗa aka ciro shi."

"Mai yake aunawa ko ba mai ba?"

"Mai ne, amma…"

"To fetur ruwa ne?"

Salisu ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya sa masa a leda. Basiru ya haɗa da tiyo fari garau, irin wanda magina ke duba daidaiton gini da shi, don yana so fasinja ya ga fetur da idonsa yana wucewa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya fara aiki a ƙofar gida. Kafin ya gama kwance tiyon farko unguwa ta taru. Ladan ya kawo tabarma ya shimfiɗa nesa kaɗan, ya ce shi ya riga ya san yadda ake kallon aikin Injiniya.

Basiru ya tsaga tiyon mai, ya jona nasa, ya ɗaure mahaɗar da tsohuwar robar taya. Ya fito da tiyon ta gefen bonet, ya shigo da shi ta taga. Da ya ga ya yi saura da yawa, bai yarda ya yanke ba. Ya zagaya da shi ta rufin motar daga ciki, har baya inda kaya ke zama, ya dawo da shi gaba, don na kujerar baya ma su samu rabonsu na kallo. Sannan ya ɓalle madubin tsakiya ya rataye gejin a wurin. Rabin gilashin gaba ya rufe.

"Ta ina za ka ga hanya?" in ji Yaya Mairama, yayarsa, wadda ta fito da bokitin wanki ta tsaya.

"Yaya, direban da ya san cikin motarsa ba ya damuwa da waje."

Ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Fetur ya biyo tiyon yana sheƙi, ya zagaye rufin, jama'a suka ce "Kai!" Aka zuba wa allurar ido. Ba ta motsa ba. Tana kwance a kan sifili kamar an buga mata ƙusa.

"Ƙila barci take," in ji mai shayin unguwa.

"Ƙila ta saba da gyaɗa ne," in ji ladan. "A jefa wa tankin ƙuli ɗaya a gani."

Basiru ya ƙwanƙwasa gilashin gejin. Ya taka totur har ƙasa. Allura ko gezau. Sai ya fito, ya dubi jama'a da fuskar wanda ya gano babban sirri.

"Kun ga amfanin ilimi ke nan. Shekara huɗu motar nan tana yaudarata. Ƙarfinta sifili ne! Da ikon Allah kawai muke zuwa Rogo."

"To ka bar ta da ikon Allahn mana," in ji Yaya Mairama.

Ina! Ya koma ƙarƙashin bonet. Da farko ya ce makulli ne ke rage wa famfo kuzari, don haka ya ja waya daga famfon kai tsaye zuwa batir. Famfo ya kama kuka kamar sauro. Allura ba ta tashi ba. Sai ya lura da wani tiyo da ke mayar da rarar fetur cikin tanki.

"Ga ɓarawon! Ana turo mai, wannan yana sacewa yana mayarwa."

Ya maƙe shi da filaya, ya naɗe hannun filayar da roba. Injin ya yi gurnani, salansa ta fesa baƙin hayaƙi, kajin maƙwabta suka watse. Basiru ya leƙa ciki, sai ya daka tsalle har kansa ya bugi ƙofa.

"Ta motsa! Wallahi ta motsa!"

Aka yi layi ana leƙawa. Mai shayi ya ce shi bai ga komai ba. Ladan ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, ya ce tsakani da Allah ta ɗaga, kamar kaurin silin gashi.

"Yau silin gashi, gobe dubu," in ji Basiru. "Sai ta saba." Ya cire kan batir don famfon ya huta, ya shiga gida yana tafiyar wanda ya gina gada.

Yadda aka tsara, Sulle zai ja motar Basiru da akwatuna shida, wani direba ya ja ta Sulle da sauran mata. Da hantsin Asabar direban ya aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi. Sulle ya iso, ya leƙa motar Basiru, ya bi tiyon da ido tun daga taga har baya, ya ja da baya taku uku.

"Ni ina da iyali," ya ce. "Ba ni makulli da minti ashirin in cire wannan masifar."

"Ba mai taɓa min geji." Basiru ya cusa makullin a aljihu. "Kuma ko ka shiga ba ka iya karanta shi ba. Ni zan ja."

Inna Baraka, ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ita ce shugabar masu kai lefen, ta dafe ƙirji.

"Ango ya kai lefensa da kansa? A wane gari aka taɓa yi? Kai ba ka da kunya ne? So kake surukanka su gan ka ido da ido a ƙofar gidansu?"

"Wa zai gan ni, Inna?"

Ya shiga ɗaki, ya fito cikin babbar rigar marigayi kakansa, ya naɗa rawani ya rufe har hanci, ya ɗora baƙin tabarau. Ya ce daga yanzu shi direban haya ne daga Fulatan, bai san kowa ba. Zai tsaya a gindin tsamiyar bakin gari, Sulle ya riƙa kwasar kayan yana ƙarasawa da su.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma an gaya wa Gwaggo Lauratu da azahar za a iso. Inna Baraka ta dubi sama, ta dubi akwatuna, ta ce, "Allah ka gani." Ta shiga gaba da ƙaramin akwatin kayan kwalliya a cinya. Yaya Mairama da mata biyu suka shiga baya. Sulle ya ce zai biyo su, amma daga nesa.

Ba su bar tashar Karaye ba wani ɗan acaɓa ya ɗaga hannu.

"Injiniya! Yaushe aka naɗa ka?"

"Ba ni ba ne!" Basiru ya amsa ta taga.

Motar tana tafe tana ɓarin baƙin hayaƙi, duk wanda suka wuce sai ya toshe hanci ya bi su da addu'a. Basiru kuwa kansa a karkace, ido ɗaya a rabin hanyar da geji ya bar masa, ɗayan a kan allura. Sun wuce gonakin dawa da suka fara fitar da kai, Inna Baraka ta ji wani abu ya ɗiga mata a goshi.

"Kai direban Fulatan, rufin motarka na yoyo."

"Zufa ce, Hajiya. Inji mai ƙarfi dole ya yi zufa."

"Zufar ce ke warin fetur?"

"To me yake sha?"

A Rogo, daidai kasuwa, Salisu ɗan gwangwan ya hango gejinsa yana wucewa a gilashin mota, ya cire hula ya riƙe a hannu. Bayan sun ɗauki hanyar Ruwan Bago, Yaya Mairama ta ɗaga kai, ta ga tiyon da ke saman kanta ya yi wani ƙullutu.

"Basiru, abin nan ya kumbura."

"Ban san wani Basiru ba."

"To kai baƙo, abin nan ya kai ƙwan zabo."

"Yana tara ƙarfi ne."

Jim kaɗan ta ce, "Ya kai na agwagwa."

"Hajiya, ki daina ɗaga min hankali, allura na shirin tashi."

Ga tsamiyar bakin gari ta bayyana. Daga nan hanya gangara ce har ƙofar gidan Malam Abdulmutalib. Basiru ya ce bari ya ba motar wuta sau ɗaya, ko allurar za ta kai ɗari kafin ya tsaya. Ya taka.

Fus!

Ƙullutun ya fashe. Tiyon ya ɓalle daga rufi ya kama rawa a cikin motar kamar wutsiyar saniya, yana fesa wa kowa rabonsa: Inna Baraka, mata uku na baya, akwatuna shida, ya dawo kan direba. Injin ya mutu. Tabarau ya jiƙe, rawani ya zame ya rufe idon da ya rage. Basiru ya lalubi birki ya taka kuloci. Motar ta wuce tsamiya salin-alin, ta gangara ba ƙara, sai salatin mata, har ta je ta dafa tsibin yashin da ke ƙofar gidan surukai ta tsaya.

"Kashe! Kashe!" in ji Inna Baraka.

Ya zare makulli ya nuna mata. Famfo bai san da zancen makulli ba, tun jiya aka raba su. Yaya Mairama, da yake man gyaɗa take sayarwa, ta cafke tiyon ta lanƙwasa, ta ƙulle bakinsa da gefen ɗankwali kamar ledar mai.

A ƙofar gidan kuwa an kafa manyan murahu uku, ana dafa shinkafar baƙi. Daga zaure hayaƙin turaren wuta ke fitowa. Matan gida suka taso da guɗa za su tarbi lefe, sai ga Sulle ya yi birki a baya, ya fito a guje hannuwa a sama.

"A kashe wuta! Kowace wuta a garin nan a kashe ta! Kada wanda ya matso!"

Guɗa ta koma ihu. Aka kwarara ruwan randa a murahu, toka ta tashi ta sauka a cikin tukwane. Wata ta fito da kaskon turare a guje ta jefa shi a kwata. Wani tsoho da ke shirin kunna taba a gindin bango, mutum huɗu suka danne shi. Baƙi suka fito daga mota suna ɗiga, aka hana su shiga gida, aka hana su zama, aka kora su fili can bayan gari kamar awakin da suka ci ɓarna. Sulle ya lalubo wayar famfon ya raba ta, kukan sauron ya tsaya.

A cikin wannan hargitsi Basiru ya ɗago rawani, ya hango Malam Abdulmutalib yana fitowa daga zaure da carbi a hannu. Bai san lokacin da ya fita ta ɗaya ƙofar ba. Ya tattare babbar riga, ya bi lungu, ya ɓulla bayan gida. Ga rumbuna biyu, ɗaya da tsani a jingine. Ya haye, ya ɗaga jinka, ya faɗa ciki. Da yake ƙarshen damina ne, rumbun wayam yake, sai ɗan ƙaiƙayi a ƙasa. Ya sauka da ƙarfi, ya ga bakin rumbun ya yi masa nisa, ya ce ba komai, fita ai dabara ce.

Ya daɗe a tsugune. Warin rigarsa ya cika rumbun, kansa ya fara juyawa. Ya yi atishawa.

"Yarhamukallahu, Injiniya," in ji wata murya a hankali daga waje.

Ashe ita ma Sadiƙa, da yake amarya ba ta tsayawa a ga idonta ranar lefe, nan bayan rumbu ta zo ta ɓuya tun da ta gama ɗora tukwanen baƙi.

"Ba ni ba ne," ya ce.

"To. Ka gaya wa wanda ba kai ba, takalminsa ɗaya na gindin tsani."

Ya matso da bakinsa jikin bango.

"An buɗe kayan?"

"An buɗe a fili. An shanya atamfofi a kan kara, gari duk ya fito kallo. Gwaggo ta shinshina turmi uku, ta ce ba lefe aka kawo ba, gidan mai aka kawo. Ta aika a ɗauko mata gammo."

"Gammo?"

"Na ɗaukar akwati."

Basiru ya zauna a ƙaiƙayi.

"Sadiƙa, laifin tiyo ne. In da na samu mai kauri, allurar nan da ta…"

"Na tambaye ka geji?"

"A'a."

"Na taɓa ce maka motarka ba ta da ƙarfi? Ni da nake jin ƙararta tun daga tsamiya, in bar abin da nake yi?"

Bai taɓa sanin haka ba. Sai ya ji takun mutane da yawa, da muryar Gwaggo Lauratu a gaba tana cewa, "Ku bi warin! Direban nan ba daga Fulatan yake ba, na san tafiyarsa!" Sadiƙa ta zame ta koma bayan rumbun, inda ba a ganinta.

Taron ya tsaya. Basiru yana jin numfashinsu. Gwaggo Lauratu ta ce a sa tsani a zaƙulo shi kowa ya gani. Sai muryar Malam Abdulmutalib, a natse.

"A'a, Yaya. Ni ban ga kowa ba. Yaron da na ba 'yata yana Karaye, yana da kunya, ba zai zo nan yau ba. Da rumbuna zan yi magana." Ya gyara murya. "Salamu alaikum, rumbu."

Sai daga ciki, da wata siririyar murya: "Wa alaikumus salam. Barka da yamma, Baba. An wuni lafiya?"

Wani ya tuntsire da dariya, aka ce masa ya yi shiru.

"Lafiya lau, rumbu. Ya gajiyar hanya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Madalla. Rumbu, shekara goma sha biyu kana gidan nan ba ka taɓa yi min ƙarya ba. In na zuba dami ashirin, ashirin nake samu. Yau an kashe min wuta, an jiƙa min baƙi, yayata ta naɗa gammo. In ka gaya min gaskiya a kan abin da ya faru, zan roƙe ta ta ajiye. In ka kawo min wani zance, zan taya ta ɗauka. Bakanike ya ce motar lafiyarta ƙalau ranar Laraba. Haka ne?"

"Wato Baba, in aka duba ta fuskar ilimin inji, akwai abin da ake kira…"

Ƙwan, ƙwan. Wani ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa bangon daga baya, daidai kunnensa.

"Haka ne, Baba."

"Agogon da aka rataya, na mota ne?"

"Asalinsa dai duk mai…" Ƙwan. "Na matsar gyaɗa ne."

"To shi wanda ya ɗaura shi, ya iya aikin?"

Wannan karon ba a ƙwanƙwasa ba. Basiru ya jira, ya kasa kunne, bai ji komai ba sai kukan wata kurciya. Ya san Sadiƙa tana nan, tafin hannunta a jikin bangon. Gumi ya haɗu da fetur ya gangaro masa a wuya. Ya runtse ido.

"Bai iya ba, Baba. Ko kaɗan bai iya ba. An gaya masa, bai ji ba."

Yaya Mairama ta saki guɗa tun daga cikinta, ta ce shekara ashirin da tara tana jiran wannan kalma, a bar ta ta yi rawa. Inna Baraka ta fashe da kuka, ta goge ido da mayafi, fetur ya shiga, ta ƙara kukan da gaske.

Malam ya juya wajen yayarsa. "Yaya, kin ji. Ni a nan garin na san magidanta da furfura da ba su taɓa faɗin haka ba."

Gwaggo Lauratu ta juya gammon a hannu. Ta dubi rumbun sama da ƙasa.

"Atamfofin dai masu kyau ne," ta ce da ƙyar. "Wari kuma rana na cinye shi. Na karɓa. Amma motar nan ba za ta ɗauki amarya ba, ko da tura ta ake yi."

"An yarda," in ji Inna Baraka da Sulle a tare.

"Saura kai, rumbu," in ji Malam. "Ka ɗauki wari, bana ba ka ajiye dawa. Dole a gina wani kafin girbi."

"Baba, ai ginin rumbu ba wuya! Akwai wani tsari da na gani mai ƙofa a ƙasa, in aka ba ni kwana biyu…"

"A'a!" Gaba ɗaya taron ya amsa, har da tsohon mai taba.

Aka watse ana dariya, mata suka koma fili wajen kaya. Sulle ya ce bari ya miƙa wa Basiru igiya, Malam ya ce wa zai miƙa wa, ai ba kowa a ciki, kuma ba a fito da abin da babu a gaban surukai. A bari sai baƙi sun tafi.

Bayan gidan ya yi tsit. Can Basiru ya ji tsani yana motsi. Jinka ta ɗaga kaɗan, haske da iska suka shigo, sai ga kwano yana saukowa a ɗaure da gefen mayafi. Bai ga fuskarta ba, hannunta kawai ya gani, da lalle a yatsu.

Shinkafar baƙi ce, wadda aka kashe wa wuta. Ya kai loma. Ta yi ƙaras a haƙorinsa kamar tsakuwa, ga toka, ga ɗanɗanon ruwan randa.

"Ni na ɗora ta," in ji Sadiƙa daga sama. "Ta dahu?"

"Ai matsalar dahuwa ta rashin awo ce. In da za a samu tukunya a huda murfinta, a ɗaura mata ɗan…"

"Injiniya."

Ya haɗiye lomar da ƙyar, ya ɗebo wata.

"Ta dahu," ya ce.